Aljani Mai Suna Yunwa

A makarantar 'yan mata ta wata unguwa a Alsawra, can arewacin Omdurman, kabad ɗin littattafai ɗaya ne tal, makullinsa kuma yana cikin jakar shugabar makaranta, Mudira Sittana. Ba a taɓa jin yarinyar da ta roƙi a buɗe shi ba. Littattafan nasiha ne a ciki, kowanne da hoton yaro mai tsabta yana sumbatar hannun babansa. Ustaza Mawahib, malamar Larabci ta aji shida, ta taɓa gwada karanta wa 'yan ajinta ɗaya. Kafin ta kai shafi na uku rabinsu sun kifa kai a kan tebur, sauran suna kallon ƙadangare a bango.

Shekarar 1995 ce, zamanin da takarda mai layi biyu ta isa ta raba mutum da aikinsa. Sunan takardar salihul am, wai sallama don amfanin jama'a. Ba a rubuta laifi a ciki, ba a kuma ɗaukaka ƙara. Malamai biyu a makarantar sun riga sun karɓi tasu, ɗayan yana sayar da kankana a bakin titi. Mawahib ba ta da wurin faɗawa idan tata ta zo. Ita da mahaifiyarta Uwa ne a ɗaki biyu a Alsahafa, aikin nan ne ke ɗora musu tukunya, shi ya sa kullum take hawa mota biyu ta tsallaka kogi, ba ta taɓa makara ba.

A makaranta ba wanda ya tambaye ta asalinta, ita ma ba ta ɗauko zancen. Larabcinta ya fi na Mudira tsabta, Mudira ta san haka, ba ta kuma yafe mata ba. Hausa ta gida ce. Kakanninta sun taso daga Haɗeja da ƙafa za su Makka, suka tsaya ciran auduga a Jazira don su haɗa guzuri, har yau guzurin bai haɗu ba.

Ba wani babban buri ne ya sa ta fara rubuta labarin ba. Darasin ƙarshe na ranar Alhamis ne ya ishe ta: ga zafi, ga fanka ba wuta, ga yara sittin da uku kowa hankalinta ya riga ya isa gida. Sai ta sayi karrasa mai shuɗin bango, irin littafin rubutun da yaran ke amfani da shi, ta cika shafi huɗu, ta shigo aji ta ce kowa ta rufe littafinta.

Labarin wata Bakhita ne, 'yar shekara goma sha biyu, wadda in an tashi daga makaranta take bi ta gaban wani tsohon gida a ƙarshen layi, kusa da kwari. Ƙofar gidan a ɗaure take da sarƙa. Wata rana bayan azahar, lokacin da unguwa kan yi tsit har karnuka su shige ƙarƙashin motoci, Bakhita ta ji murya tana fitowa ta tsagar katanga, siririya, a hankali: "Ana jinn Yunwa." Da Larabci, ma'anarsa ni ne aljani Yunwa. Nan Mawahib ta rufe karrasar, alhali saura minti goma a buga ƙararrawa.

Ajin ya yi ca.

"Ustaza, sai me ya faru?"

"Ta gudu?"

"Sai Alhamis mai zuwa," in ji Mawahib, ta sa karrasar a jaka.

Bari in faɗi sirrin tun yanzu, ni ba na jan rai. Babu aljani a gidan. Wata tsohuwa ce Bahausa da 'yan'uwanta kan kulle su tafi kasuwa, abin da take cewa kuma shi ne "ina jin yunwa". In aka rubuta shi da haruffan Larabci ba wasali, ba abin da ya raba "ina jin" da "ana jinn", kunnen da bai san Hausa ba kuwa, ta bayan katanga, ba zai ji bambanci ba. Ba Mawahib ce ta ƙirƙiro wannan ba. Kakarta ce ta taɓa faɗa wa wata nas haka a wani asibiti a Jazira, nas ɗin ta yar da tire ta fita da gudu tana neman tsari. Shekara ashirin ana wannan dariyar a gidansu.

Cikin mako biyar Mawahib ta koyi abin da ba a koya mata a kwalejin malamai ba. Ta lura yaran ba sa son a nuna musu abin tsoron. Ranar da ta sa Bakhita ta hango wani farin abu a taga, ajin sai ya yi sanyi, wata ma daga baya ta ce ai zane ne aka shanya. Amma ranar da ba a ga komai ba, illa sarƙar ƙofa da jiya kwaɗonta ke ta dama yau ya koma ta hagu, ranar har da masu riƙe hannun juna a ƙarƙashin tebur.

Ta kuma gane cewa dole manyan cikin labarin su zama marasa amfani. Uwar Bakhita ta ce rana ce ta buge ta. Mai kanti ya yi mata dariya. Maƙwabcin gidan ya ce ta bar wurin kafin ya kira ubanta. Duk sanda wani babba ya ƙi yarda da Bakhita sai yaran su gyara zama suna tsaki, ransu fes. Yarinyar da ake tasa da tsawa tun asuba ana aikenta, a ce mata ga wata irinta ta san abin da duk unguwa ba ta sani ba, ai ko babu aljani a ciki za ta saurara.

Sannan wurin nasu ne. Kwarin cikin labarin kowa ta san shi, can ake zubar da shara. Wasu suka fara zagayawa ta wajen in an tashi, su biyar su shida, su tsaya gaban duk gidan da ke da sarƙa, su kasa kunne, wata ta yi tari, su kwasa da gudu suna ihu suna dariya. Irin tsoron nan ne da ake shiga da ƙawaye a fito kafin abincin rana ya huce. Suka shiga kwafe babi-babi a littattafansu, rubutun da a da ko da bulala ba sa yi. Aji biyar da aji bakwai suka ara. A filin makaranta kowa da nata hasashen: wata ta ce Yunwa sarkin aljanun kogi ne, wata ta ce mai gidan ne aka binne a tsakar gida bai yafe ba. Har faɗa aka yi a kai, aka yaga wa wata mayafi.

Akwai 'ya'yan Hausawa huɗu a ajin. Tun ranar farko Mawahib ta ga ɗayarsu, Sakinatu, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Sun gane sarai. Ba wadda ta faɗa, don in ta faɗa ta nuna ke nan a gidansu ana rutana, sunan da ake kiran duk yaren da ba Larabci ba, rutana a makaranta kuwa bulala ce. Amma ba tsoron bulala kaɗai ba ne. Wannan ne karon farko da suke zaune a aji riƙe da wani abu wanda 'yan bencin gaba ba su da shi, ba sa kuma so ya ƙare da wuri.

Uwa ce kaɗai ba ta ga abin dariya ba. Wata Juma'a da hantsi tana tsince shinkafa, Mawahib na rubutu a kan tabarma, ta ce, "Ke Mawahib, wannan shugul naki ba zai jawo mushkila ba?"

"Mushkilar me, Inna? Hikaya ce ta yara."

"Mutanen nan da sun ga harafin da ba su gane ba sai su ce amal ne, wai asirinmu na Fallata, kamar yadda suke kiranmu. Ni na zauna da su kafin a haife ki. Ki rubuta musu kura da akuya mana."

"Kura da akuya barci suke sa su."

"To barci ya taɓa korar wani daga aiki?"

Mawahib ta yi dariya ta ci gaba da rubutunta. Saura babi biyu ta gama.

A mako na shida, lokacin fatur, wato karin kumallon ƙarfe goma, tana zaune a gindin darbejiya tana duba littattafai sai ga A'isha Humaira ta tsaya a gabanta. Humaira ce ta ɗaya a ajin, 'yar bencin gaba, ɗiyar Hajj Ishak mai shagon kayan gyaran mota a kasuwar Suk al-Shabi. Ita kaɗai ce ba ta taɓa yin ihu ko dariya a lokacin labarin ba, ba ta kuma shiga gardamar fili. Kwafa kawai take yi, ba ta tsallake ko ɗigo. Da Larabci suka yi maganar, don yarinyar ba ta da wani yare.

"Ustaza, a ƙarshe ana fitar da shi?"

"Wa?"

"Yunwa. In ya shiga jikin mutum, ana iya fitar da shi?"

"Labari ne, Humaira. Ki jira ki ji."

"Ba zan iya jira ba." Ta waiga ta ga ba kowa kusa. "Yana jikin habbobata."

Habboba ita ce kaka. Yarinyar ta zayyana komai a tsaye, hannayenta a baya, kamar mai ba da hadda. Uwar babanta ce. Bara ɓarin jikinta ya shanye, tun daga ranar kuma Larabci ya fita daga bakinta, sai wasu maganganu da ba wanda ya sani. An mayar da ita ɗakin baya kusa da akurkin tantabaru. Baba ya ce sambatun ciwo ne, shi kuma daga asuba sai bayan magariba yake dawowa. Mama tana ajiye mata tire a bakin ƙofa safe da yamma, ta hana yara shiga. Amma kullum in Humaira ta dawo daga makaranta, gidan ya yi shiru, sai ta ji muryar ta taga.

"Harafi da harafi, Ustaza, yadda kika rubuta. Ina kika san sunansa?"

Mawahib ba ta buƙaci a ƙara mata bayani ba. Hajj Ishak Ishaku ne, ɗan Hausawan Jazira irinta, wanda ya shigo birni ya yi aure a gidan mutanen Omdurman, ya ce shi daga Jazira yake, bai ƙara komai a kai ba. Tsohuwar ta yi shekara ashirin tana taya shi rufe zancen da Larabcinta, ciwo ya zo ya mayar da ita yaren da aka raine ta da shi. Matarsa kuwa ko ba ta sani ba, ko ta ga rashin sanin ya fi mata sauƙi.

"Me ake sa mata a tiren?"

"Abin da muke ci. Burodi da wake, wani lokaci nama."

"Tana da haƙora?"

"A'a."

"Hannunta fa?"

"Na dama ba ya ɗaguwa."

Mawahib ta rufe littafin da ke cinyarta. "Ji nan. Yau in kin koma ki dama kunu mai ruwa-ruwa, ki sa sukari, ki shiga ɗakin, ki zauna kusa da ita ki ba ta da cokali. Babu wani aljani. Cewa take yi tana jin yunwa."

"Da wane yare?"

"Da Hausa."

"Amma habbobata ba Bafallata ba ce."

"Ke dai ki ba ta kunun."

Ta ba ta. Tsohuwar ta shanye kwano guda ta lashe baki. Da magariba Humaira ta tari babanta a ƙofa da murna, ta ba shi labari daga farko har ƙarshe, ta kuma ɗauko littafinta ta nuna masa kalmomin. Ranar Asabar da safe takardar ƙararsa tana kan teburin Mudira, kwafinta kuma ya tafi ofishin ilimi. Cewa ya yi malamar Larabci tana koya wa 'ya'yan Musulmi sunayen aljanu da ɗalasiman Fallata. Mawahib ta gane lissafinsa: saura babi ɗaya a tona sirrin muryar a gaban yara sittin da uku, ciki har da 'ya'yan maƙwabtansa da ke jin wata murya ta katangar gidansa. So yake a kore ta kafin Alhamis.

Ranar Talata muwajjih, wato mai duba makarantu, ya zo, wani dattijo Ustaz Abdullah, wanda ya kusa ajiye aiki, kuma da ganinsa ya fi son a bar shi a ofis ƙarƙashin fanka. Aka zauna a maktab, wato ofishin Mudira, su huɗu. Hajj Ishak ya sha farar jallabiya da rawani, ƙamshin turare ya cika ɗakin, Larabcinsa na 'yan Omdurman ne tsantsa, bai kalli inda Mawahib take ba ko sau ɗaya. Ustaz Abdullah ya karɓi karrasar ya sa tabarau. Ya fi minti ashirin yana karatu, shayinsa ya huce. Da ya kai shafin ƙarshe ya juya ya ga fari, ya sake juyawa.

"Ina sauran?" in ji shi.

Mudira ta yi gyaran murya. Dattijon ya cire tabarau ya gyara fuska.

"Ustaza, an ce yara sun kwafe wannan da hannunsu, har da waɗanda ba 'yan ajinki ba. Shekara talatin ina rabon littattafan ma'aikata, ban taɓa ganin wanda aka kwafa ba. Me ke ciki?"

"Littafin ma'aikata tun daga hoton bango an san ƙarshensa, Ustaz. Wannan kuwa tambaya ce, yarinya irinsu ce ke neman amsa, sun kuma yarda da ni cewa amsar tana nan. Da sun zaci babu amsa, da ba su jure tsoron ba."

"To mece ce amsar? Wane ne Yunwa?"

Ta faɗa masa gaskiya, yadda na faɗa muku. Ta rubuta kalmomin a takarda, ta sa musu wasali iri biyu, ta nuna masa. Dattijon ya duba, ya kusa yin dariya, sai kuma ya yi ajiyar zuciya.

"Da kin bar shi a aljaninsa, Ustaza. Aljani kowa ya yarda da shi, sai in rubuta miki gargaɗi mu tashi. Amma rutana a darasin Larabci, a rubuce, a littattafan yara fiye da sittin, wannan in ya hau sama ba ya dawowa da alheri." Ya juya wajen Hajj Ishak. "Ya Hajj, ka ji ba tsafi ba ne. In ka janye takardarka, ni ban ga komai ba."

"Ba na janyewa," in ji Ishak. "Ni ban san wannan yaren ba, ban san ko gaskiya take faɗa ba. Abin da na sani, an shigar wa 'yata abin da ba na gidanmu ba."

Ustaz Abdullah ya ɗaga kafaɗa, ya buɗe alƙalami, ya rubuta layuka kaɗan, ya ce rahoton zai wuce ranar Alhamis. Mudira sai gyara takardun da ba su karkace ba take yi. Kowa ya miƙe.

Tsoro ne ya kama Mawahib, tsoro na gaske. Ta tuna Uwa zaune a tsakar gida tana jiran ta dawo. Ta kuma ji haushi, haushin mutumin da ya tsaya a gabanta ya ce bai san yaren uwarsa ba. Ishak ya kai hannu ga ƙofa sai ta yi magana, a hankali, da Hausa, da muryar maƙwabciya da ta haɗu da mutum a bakin layi.

"Malam Ishaku, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi," in ji shi.

"Allah ya ƙara afuwa."

"Amin, am…"

Nan ya tsaya. Bahaushe yana iya sauya suna da tufa da unguwa, amma gaisuwar mara lafiya bakinsa ke amsawa kafin kansa ya yi shawara. Shekara ashirin yana tsaron harshensa a kasuwa da gidan surukai, an zage shi da Hausa a tashar mota ya yi kamar bai ji ba, an yi cinikin kayansa da Hausa a gabansa bai ɗaga kai ba. Wannan ne kawai bai shirya masa ba. Shekara guda uwarsa na kwance, ba wanda ya taɓa tambayarsa jikinta.

Ustaz Abdullah ya dube shi ta saman tabarau. "Ya Hajj, ashe kana ji."

Ishak ya juyo daga bakin ƙofa, dattijon ya ci gaba.

"To ka san abin da ke cikin karrasar nan tun kafin ni. Ka taso ni daga ofis a wannan zafin." Ya zaro takardar ƙarar daga fayil ya tura ta bakin tebur, ya yaga shafin da ya rubuta. Ishak ya ɗauki takardarsa ya ninke ta huɗu, ya fita ba sallama. Idon Mudira sai ƙyalli yake yi. Gidan gwaggonta katanga ɗaya ne da gidan surukan Ishak, ba ta ko jira an tashi daga makaranta ba ranar, ta tafi kai labari.

Hukuncin Mawahib bai wuce na baki ba: karrasa ta zauna a wurin Mudira, labari ya tsaya a inda ya tsaya, darasin Alhamis ya koma nahawu. Aikinta yana nan.

Da ta ba Uwa labari, tsohuwar ta daɗe tana kallonta.

"Kin gaishe shi ne, ko kin yanka shi?"

"Gaisuwa ce, Inna."

"Gaisuwa a maktab, gaban mudira da muwajjih? Tayyib." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Mawahib ta sha faɗa wa kanta cewa gaisuwa ce kawai ta kuɓuce mata. Ni ban yarda ba, ita ma ba ta yarda ba.

Sakinatu ce ta ƙarasa labarin a filin makaranta ranar Alhamis, tunda an hana Ustaza. Ta hau kan dutse ta faɗi ma'anar kalmomin da ƙarfi, ba a kuma yi mata bulala ba, don malaman ma sun matso suna saurare. Wasu yaran suka ce, "Shi ke nan? Tsohuwa ce kawai?" Wasu suka yi ta maimaita "ina jin yunwa" suna dariya, suna nuna cikinsu. Kafin mako ya zagayo an daina zuwa kwari.

Humaira ba ta zo ba ranar Laraba da Alhamis. Ranar Asabar ta zo, ta zauna a wurinta, ta yi rubutunta. Da fatur ta sami Mawahib a gindin darbejiya, ta tsaya yadda ta tsaya wancan karon.

"An tafi da habboba."

"Ina?"

"Jazira. Jiya da safe Baba ya kai ta Suk al-Shabi ya sa ta a mota, ita da wani mutum Labaran. Wai ƙanen Baba ne. Ban taɓa ganinsa ba. Ranar Laraba kawunnaina suka zo, aka yi ta hayaniya. Mama ta ce ko ita ko habboba."

Ta gyara mayafinta ta ci gaba.

"Kwana takwas ina ba ta kunu. Har kwano biyu take sha. Tana riƙe mini hannu tana ta magana, ban san me take cewa ba. Ustaza, a can za su ji abin da take cewa?"

"Kowa zai ji. Har yara."

Yarinyar ta gyaɗa kai. Sai idonta ya ciko. "Ni ce na faɗa wa Baba. Da na yi shiru na riƙa ba ta a ɓoye, da tana nan."

Da Mawahib ta so, da ta bar maganar a haka, ba wanda zai taɓa gyara wa yarinyar. Kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga kai.

"Ba ke ba ce, Humaira. Ni ce. Ni na tona babanki a ofis, a gaban Mudira. Na san abin da nake yi."

Humaira ta share ido da gefen mayafi, ta dube ta sosai.

"Don kada a kore ki?"

"Don kada a kore ni."

"An kore ki?"

"A'a."

Yarinyar ta tsaya kaɗan tana juya maganar, sannan ta ce, "Na gode, Ustaza," ta koma wajen 'yan ajinta. Mawahib ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana koyarwa a makarantar. Humaira ce ta zo ta ɗaya a Larabci a wannan shekarar da biyun da suka biyo baya, kuma har ta gama ba ta sake yi wa Mawahib magana ba, sai in an yi mata tambaya a aji ta miƙe ta amsa.